Toka a Gindin Amfilifaya

Sai da rana ta take tsaka ranar Talata aka tuna da Namadi mai bin sawu, bayan duk mai ƙafa a Tungar Gawo ya gama tattake ƙofar garken. Bijiman huɗa biyu na Zayyanu sun ɓace, ga damina ta kawo kai. Namadi ya tsaya ya dubi ƙasa, ya ga sawun maza da mata da awaki da tayar babur, ya ji ransa ya ɓaci tun kafin a gaishe shi. Shekara arba'in yana roƙon mutanen ƙasar Kende kada su taka wurin da aka yi sata, shekara arba'in suna zuwa kallo da ƙafafunsu.

Ashe ma ba don neman ɓarawo aka kira shi ba, sun riga sun kama nasu. Yero makiyayi, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana kiwon shanun ƙauyen, yana ɗaure a zauren Maigari, ranar Alhamis za a kai shi gaban alƙali a Bagudo. Tun da aka kawo shari'a ba a taɓa yanke hannun kowa a yankin ba, amma a bakin mutanen Tungar Gawo an riga an yanke na Yero sau goma.

Shaidar da ta kama shi kuwa na'ura ce. Da satar shanu zuwa Benin ta ishi ƙungiyar manoman ƙauyen, sai suka haɗa shanunsu garke ɗaya, aka maƙala wa kowace dabba wata 'yar lamba a kunne, wadda suke kira ɗan kunne. A ƙofar garken aka kafa turke mai eriya da akwati, duk dabbar da ta gifta na'urar ta karanta lambarta ta ajiye lokacin. Attahiru sakataren ƙungiya, matashi mai farar riga da biro biyu a aljihu, shi ya tura wa Namadi waya a fuska. Bijiman sun fita da Yero ranar Litinin da safe, babu inda aka rubuta sun dawo.

"Baba Namadi, na'ura ba ta ƙarya," in ji shi. "Kai dai ka nuna muna hanyar da yab bi da su."

Namadi ya ce shi bai iya karatun waya ba, a matsa masa ya karanta ƙasa.

Ƙofar garken tana da faɗi, taki goma daga turken eriya zuwa wata tsamiya. A gefen tsamiyar akwai shingen ƙaya, kuma ƙaya ce kaɗai abin da mutanen ƙauyen ke girmamawa, don haka nan ƙasa ta tsira. Ɗaya daga cikin bijiman kofatonsa na baya a tsage yake, Namadi ya san sawunsa kamar fuskar maƙwabci. Ya gan shi ya fita a kan raɓa. Ya gan shi ya dawo a kan busasshiyar ƙasa, ya danne na safe. Sannan ya gan shi ya sake fita, a wannan karon yana turjewa, alamar janye shi ake yi da igiya. Sau uku bijimin ya gifta ƙofar, na'urar da ba ta ƙarya ta ga ɗaya.

Yana tsugune a wurin Goggo Shafa'atu ta tsaya a kansa. Ita ce uwar Attahiru, kuma ita ce ta fi kowa iya bandar kifi daga nan har bakin kogi. Ta ce tunda ya zo, ya bi mata sawun itacenta, an kwashe mata rabin kiryar da ta faskara da hannunta. Ta ce ɓarawon shanu da ɓarawon itace duk ɗaya ne a wurinta, a haɗa su a yanke hannu a huta.

Namadi ya ce mata mutum na ɗaure a zaure, ita tana zancen makamashi. Ta tafi tana faɗa, shi kuma ya bi sawun bijimin har gaɓar kogi, inda ruwa ya shanye shi.

* * *

Yero yana zaune a ƙasa, igiya ta ci wuyan hannunsa. Bai yi kuka ba, bai yi rantsuwa ba, wannan ma ya ƙara wa mutane tabbacin shi ne. Ya gaya wa Namadi ya dawo da shanu cif kafin magariba, ya ga bijiman Zayyanu sun shige ta gefen tsamiya kamar kullum, don ba sa son cunkoso. Ya rufe ƙofa ya tafi masallaci. Namadi ya tambaye shi ko ya ga wani abu da ba a saba ba. Yero ya ce babu, sai dai bai hura wutar korar sauro ba ranar, don ya tarar hayaƙi na tashi daga wajen ƙofa, ya ɗauka wani ya taimaka masa.

Namadi ya tambaye shi me ya hana ya faɗa wa Maigari wannan.

"Ba wanda yat tambaye ni, Baba. Waya sunka tambaya."

Daga zauren Namadi ya nufi mashaya wurin Bunyaminu mai kwalekwale, wanda rabin danginsa ke tsallaken iyaka, kuma duk abin da ya ɓace a ƙauyen, ko allura ce, sai an ambaci sunansa. Bunyaminu bai ko tashi ba. Ya nuna masa jirginsa kife a kan yashi, cikinsa a fashe, kwana shida ke nan yana jiran kafinta daga Sharabi. Gizo-gizo ma ya yi saƙa a ƙarƙashinsa. Namadi ya duba yashin, ba a ja jirgin ko taki ɗaya ba. Ya dawo da ƙura a ƙafa da haushi a ciki, yini ya tafi a banza.

* * *

Munawwara ta iso daga Bagudo ranar Laraba da hantsi a kan kabu-kabu, da jakar kayan aiki a cinya. Ita ta kafa na'urar. Da farko eriyar taki uku kawai take kaiwa, shanun da suka bi ta nesa sai su wuce ba a karanta su ba. Shi ya sa ta ƙara wani akwati a jikin turken, amfilifaya, mai ƙara wa na'urar ƙarfi har ta kai tsamiya. Tun ranar mutanen ƙauyen ke tambayarta yaushe zai fara kiran salla, tunda amfilifayar da suka sani ta masallaci ce.

Ta karɓi wayar Attahiru ta duba rubutun Litinin gaba ɗaya, abin da ba wanda ya yi. Shanu goma sha uku ne ba a rubuta dawowarsu ba, ba biyu ba. Sauran goma sha ɗayan ga su can suna tuƙa a inuwa. Ta tambayi mutanen da suka taru ko waɗannan ma Yero ya sayar da su Benin, suka dawo da ƙafarsu. Attahiru ya ce wannan ai ya nuna Yero ya taɓa na'urar ne, jama'a suka gyaɗa kai. Namadi ya lura mutanen nan ko me aka ba su sai sun ɗaura wa Yero, ya ji kunya ta kama shi a madadinsu.

"Kawu," in ji Munawwara, "in ba ka gaji ba, riƙa mini wannan."

Ta ɗaura ɗan kunne a kan sandarsa, ta ce ya ja da baya taki-taki. Dattijo mai shekara sittin da bakwai, wanda ya taɓa bin ɓarayi kwana huɗu har cikin dajin Benin, ya koma tafiya da baya da sanda a sama, mata na dariya ta saman zana. Na'urar na ta ƙara, ƙit, ƙit, har ya wuce tsamiya. Taki goma sha ɗaya, lafiya lau. Munawwara ta yi tsaki, don ta fi son ta tarar da abu a lalace ta gyara, da ta tarar da shi yana aiki bayan ya jefa mutum cikin masifa.

Ta auna batir da mitarta, a cike yake. An ce mai shayi yakan saci caji daga solar, ta bi wayar kaf ba ta ga inda aka ɓare ba. Ta kwance mahaɗar wayar eriya ko ruwa ya shiga, a bushe take, ba tsatsa. Ta girgiza eriyar ko saniya ta soshe jiki da turken ta karkatar da ita, tana nan daram inda ta ɗaure ta. Kowane abu ta gwada sai ta sa Namadi ya sake tafiya da baya, har ya ce mata idan ya sake yin wani sahun zai isa Matsinkai ba tare da ya ga hanya ba.

Sai da ta kwance murfin amfilifayar kanta sannan ta ga alama. Ƙaramar fankar da ke ciki ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Robar da ta ɗaure waya da ita a ƙasan akwatin ta narke ta ɗiga. Ta bayyana wa Namadi cewa akwatin yana da wata dabara ta kare kansa: idan zafi ya yi masa yawa sai ya kashe kansa, na'urar ta koma taki ukunta na da, har sai ya huce ya tashi da kansa kamar ba abin da ya faru. Haka ya taɓa yi mata da bazara da tsakar rana, shi ya sa aka yi masa 'yar rumfar zana.

"Amma da magariba, Kawu? Wane zafin rana ne da magariba?"

Namadi ya dubi ƙasa. Ya tsuguna a gindin turken. An zuba yashi, an watsa kashin shanu a kai, amma yashin na gaɓar kogi ne, ba na garke ba. Ya tona da sandarsa. Toka ta fito fara fat, da wani guntun itace da bai gama ci ba. Ya juya shi a hannu, ya shafa fuskar da aka faskara da babban yatsa, ya sake shafawa. Ya tambayi Munawwara wa ta gaya wa zancen zafin nan da bazara. Ta ce mutum ɗaya ne ya riƙe mata tsani ranar, kuma shi ta bar wa amanar akwatin.

Ya sa guntun itacen a aljihu. Bai ji daɗin abin da ya gane ba ko kaɗan, don da Goggo Shafa'atu suka yi wasan ƙasa.

* * *

Bayan la'asar Maigari ya tara mutane a ƙofar garken, kamar yadda Namadi ya roƙa. Aka kawo Yero da igiyarsa. Bunyaminu ya zo yana ƙunƙuni, Zayyanu ya tsaya gefe, Attahiru ya zauna kusa da Maigari da littafin ƙungiya. Namadi ya aika a ce wa Goggo Shafa'atu ta zo da gatarinta, zancen itacenta ya taso. Ba ta ɓata lokaci ba.

Munawwara ta fara. Ta kunna ɗan risho a ƙarƙashin akwatin, ta tsayar da Namadi a gindin tsamiya da sandarsa. Na'urar ta yi ta ƙara, can sai ta ɗauke. Ya matso taki ɗaya, shiru, ya ƙara, shiru, sai da ya zo taki uku ta sake ƙit. Ta kashe rishon ta ce abin da ya faru ranar Litinin ke nan. Shanun da suka bi kusa da turke an karanta su, waɗanda suka bi gefen tsamiya sun shige kamar ba su da kunne, kuma ta nan aka sake fitar da bijiman lokacin da kowa ke sahun magariba.

Attahiru ya ce to, magana ta ƙare, kowa ya san wa ke hura wuta a garke.

Namadi ya ajiye sakaina biyu a gaban Maigari. A ɗaya toka ce baƙa-baƙa mai laushi, daga tsakiyar garke, inda Yero ke hura wutarsa shekara da shekaru. Ya ce makiyayi busasshen kashin shanu yake tarawa ya rufe da ɗanyen ganye, hayaƙi yake nema ba zafi ba, mutum zai iya tsayawa a kanta yini guda bai ƙone ba. A ɗaya sakainar farar toka ce ta kirya. Ya ce wanda ya hura wannan garwashi yake so mai daɗewa, ya jera itacen a kwance a cikin ɗan rami, kamar yadda ake jerawa a ƙarƙashin ragar banda. Ya tambayi taron ko akwai wanda ya taɓa ganin Bafulatani ya ƙona kirya a tsakiyar shanu. Ba wanda ya taɓa gani. Idanu suka koma kan Bunyaminu, wanda ya ɗaga hannu sama ya ce ya sani, dama shi ne na kullum.

Namadi ya ce a bar Bunyaminu ya sha iska. Ya fito da guntun itacen, ya roƙi Goggo gatarinta. Bakin gatarin yana da ɗan giɓi, kuma duk itacen da aka faskara da shi sai giɓin ya bar siririn layi a jikinsa. Ya sari wani reshe a gaban kowa, ya jera shi da guntun. Layin ɗaya ne.

"Nawa ne!" in ji Goggo. "Na hwaɗi muku an yi mini sata. To a hiddo shi, a yanke."

"Goggo," in ji Namadi a hankali, "ina kike aje itacenki?"

"Bayan ɗakina mana, cikin gida."

"Wane namiji ka shiga can?"

Ta buɗe baki za ta ce babu, don gidanta gidan ba-shiga ne, ko mai tallan ruwa a zaure yake tsayawa. Sai ta rufe bakin. Namiji ɗaya ne ke ratsa tsakar gidan ba sallama. Ta juya ta dubi ɗanta, shi kuma yana duban littafin da ke cinyarsa. Munawwara ta ce shi ne ya riƙe mata tsani da bazara, shi kaɗai ta gaya wa zancen zafi. Namadi ya so a ce wani ne ya yi wannan binciken ba shi ba, da ya ga yadda tsohuwar ta zauna a ƙasa da gatarin a hannu.

Attahiru bai yi dogon musu ba. Bijiman suna ɗaure a wani gungu a tsakiyar kogi, ya iyar da su can ta mashigi, yana jiran ranar kasuwar kan iyaka. Kafin rana ta faɗi Bunyaminu ya ari jirgi, aka dawo da su suna ɗigar ruwa.

* * *

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona ran Namadi. Tun bijiman ba su bushe ba murya ta sauya. Wannan ya ce sharrin shaiɗan ne, wancan ya ce yaro ne ɗan gida, a duba tsohuwa. Wani malami ya tuna cewa idan mai kaya ya yafe kafin magana ta kai gaban alƙali, to ta mutu a nan. Zayyanu ya shafa bijimansa ya ce ya yafe. Mutanen da jiya suke lissafin wane hannu ake fara yankewa, yau duk sun zama masu tausayi.

Munawwara ta ɗaga akwatin ta mayar da shi can saman turken, inda sai da tsani za a kai gare shi, ta ce za ta sa ya riƙa aiko mata da saƙo duk lokacin da ya ɗauke. Ba wanda ya saurare ta, ana can ana rarrashin Goggo.

Sai can aka tuna Yero na ɗaure. Maigari da kansa ya kwance shi, ya ce ya yi haƙuri, kuskuren na'ura ne. Munawwara ta ce daga kan tsani na'ura ba ta ɗaure kowa ba. Yero ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta yi shata, ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka shi daɗe, na ji an ce in mai kaya ya yahe, magana ta mutu. Wannan hukuncin yau anka saukar da shi, ko jiya ma akwai shi?"

Yero ya juya musu baya. Ya ɗauki sandarsa ya shiga garken, ya tara kashin shanu a tsakiya, ya rufe da ganye, ya hura wutarsa kamar kullum, don shanun ba su yi masa komai ba.

Washegari da sassafe, kafin ƙafafun ƙauyen su farka, Namadi ya zo ƙofar garken. Sandar Yero na jingine da turken eriya. A kan raɓa ya ga sawun namiji, da na mace, da na jaki mai nauyin kaya, sun bi hanyar mashigi sun nufi yamma. Ya bi su da ido har inda hanya ta karya. Takun daidai yake, ba gaggawa, kuma babu wuri ɗaya da ƙafar ta karkace, irin yadda take yi idan mutum ya waiwaya.

Shanu suka fara kuka a ciki suna jiran a buɗe musu. Maigari ya iso da mutane, ya ga sandar, ya tambayi Namadi ko zai iya gane inda Yero ya nufa. Namadi ya dubi ƙafafun da suka riga suka fara tattake wurin, ya ce idonsa ya tsufa, bai ga komai ba.